Ina Mai Jinya a Labarin Fasinja?

A ganina, ba a gane ƙarfin labarin tafiya sai tafiyar ta ɓaci. Tun daga Tafiya Mabuɗin Ilmi na Abubakar Imam (1944) muka saba da matafiyi mai kawo mana abin da idonsa ya gani. To, idan jirgin ya tsaya cik fa, me idon ke gani?

Na auna bayanan fasinjojin jiragen ruwa biyu na shaƙatawa: Carnival Triumph, wanda gobara ta kashe injinsa a 2013 har makewayi suka toshe, da Diamond Princess, wanda aka killace a Yokohama ta Japan a 2020, korona ta kama fiye da mutum 700. Bayanan suna da rai: ga wari, ga zafi, ga fargaba. Sai dai a akasarinsu, ma'aikacin da ke kai abinci ƙofa-ƙofa, ya kwana cikin cunkoso, ba suna ba murya.

Mai karatu a Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa, da ya ga mai jinyar amai da gudawa da damina, zai tambaya: ina mai jinya? Labarin da ya tsallake shi ƙorafi ne, bai kai adabi ba.