Ina Fuskar Masunci?



A da, wanda ke son hoto sai ya je birni wurin mai hoto. Yanzu salula ta shiga aljihun samari da ma'aikata, kowa ya zama mai hoto. A garin Difa, hoton da aka fi so shi ne na bakin Komadugu da faɗuwar rana. Shi ne ke yawo daga waya zuwa waya. Mu zauna mu dube shi tare.

Me muke gani a ciki? Sama ta yi ja kamar shanyar tattasan Manga. Ruwa yana ƙyalli. Can gefe ga masunci tsaye a bakin gaɓa, ya jefa birgi, birgin ya buɗe kamar faifai. Gaskiya hoton yana da kyau, kuma mai ɗauka ya cancanci yabo. Ya yi haƙuri har birgi ya buɗe. Ya nuna wa mutanen Yamai da Damagaram cewa Difa ba labarin tashin hankali kaɗai gare ta ba.

Amma ku ƙara dubawa. Ina fuskar masunci? Babu. Ya fito baƙi ƙirin kamar kututture. Tsoho ne ko yaro? Ya samu, ko ya tashi hannu banza? Tarwaɗa ya kamo ko karfasa? Hoto bai faɗa ba. Dalili kuwa, mai ɗauka ya fuskanci rana. Idon na'ura kamar idon mutum yake. In haske ya dalle shi, duk abin da ke gabansa sai ya koma inuwa. Rana ta samu ado, mai wahala ya ɓace.

Hoto shi ma rubutu ne. A ajin yaƙi da jahilci mun koyi cewa wasiƙa sai da sunan mai ita, da gari, da kwanan wata. Hoton da bai nuna wane ne ba, bai nuna ina ne ba, kamar wasiƙa ce marar suna.

Ga shi kuwa masuntanmu suna da labari. Ruwan Komadugu daga Nijeriya yake fitowa, daga kogunan Haɗeja da Jama'are, ya bi iyaka har ya faɗa tabkin Cadi kusa da Boso. An gina madatsar Tiga a ƙasar Kano a 1974, aka ƙara ta Calawa a 1992, tafiyar ruwa ta canza. Da bazara kogin yakan tsinke, sai ƴan kududdufai. A 2019 da 2022 kuma ambaliya ta ci gidaje da gonaki. A watan Fabrairu na 2015 ƴan Boko Haram suka kai hari Boso da Difa. Aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana su da cinikin kifi, sai a 2019 aka ɗage hanin. Shekara huɗu komar mutane tana rataye. Mutumin da ya ga duk wannan, ya sake komawa ruwa, ya fi ƙarfin a mai da shi inuwa. Gobe jikokinmu za su tambayi yadda aka yi su a zamaninmu. Jan sama za mu nuna musu?

A Bamako ta ƙasar Mali an yi wani mai hoto, Saidu Keita, wanda ya buɗe shagonsa a 1948. Fuskokin mutanen gari ya ɗauka, da tufafinsu. Har yau ana nuna hotunansa a Turai da Amurka, don mutane ake gani a ciki.

To, ga shawara ga masu ɗauka:

1. Ka yi sallama, ka nemi izini. In ya ƙi, ka ƙyale shi. Kada kuma ka ɗaga waya inda sojoji suke.

2. Ka je da la'asar sakaliya, ka ba rana baya, haskenta ya sauka a fuskar masunci.

3. Ka matsa kusa. A ga hannunsa, a ga gura da mamari, a ga kifi cikin ƙwarya, a ga masu yin banda.

4. Ka rubuta sunan wuri da kwanan wata a ƙarƙashin hoto. Ka kuma nuna wa mai shi, don hotonsa ne.

Ba a hana kowa ɗaukar faɗuwar rana ba, ikon Allah ne abin kallo. Amma in ka ɗauki rana sau ɗaya, ka juya ka ɗauki mutum sau uku. An ce kifi na ganinka, mai jar koma. Tunda kifi ma yana ganinsa, mu ma ya kamata mu gan shi.

Ku tattauna wannan magana a ajinku, ku aiko mana da ra'ayinku. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya sa wa ruwanmu albarka.