Kunnen Aicha Macky

A hutun bana na kai fim ɗin Zinder gida Alakoss cikin waya, muka kalla mu shida, kai da kai. Aicha Macky, 'yar Damagaram, ta fito da shi a 2021, bayan L'arbre sans fruit, fim ɗinta kan rashin haihuwa, ya ci kyautar AMAA a 2016. Ta cancanta, wallahi.

Ni kunnenta ne ya kama ni, fiye da kyamararta. Ta shiga Kara-Kara, unguwar da aka ware wa kutare a da, ta bar samarin "palais" suna zuba Hausarsu, ba wani masani da ke fassara mana rayuwarsu daga sama. Ƙungiya guda sunanta Hitler. Bature ya ji ya razana. A bakin samarin kuwa kalmar ta zubar da tarihin Jamus, ƙarfi kawai take nufi. Malaminmu na ilimin ma'ana sai ya yi sati guda a kan wannan.

Inda muka rabu da ita, sunan fim ɗin. Unguwa ɗaya ta ɗauka, ta liƙa mata sunan gari sukutum. Ƙanena, da bai taɓa zuwa birni ba, ya juyo ya ce: "Yaya, nan kake karatu?"