Pentti Saarikoski: Amanar Fassara da Karin Waƙa

Duk wanda ya taɓa zama ya fassara waƙa ya san inda gizo ke saƙa: in ka riƙe ma'ana, kari ya kuɓuce maka, in ka riƙe kari, ma'ana ta yi rauni. Wannan ne ya sa na ga ya kyautu mu leƙa aikin wani sha'iri na ƙasar Finlan, watau Pentti Saarikoski.

An haife shi a 1937 a Impilahti, garin da Tarayyar Sobiyat ta karɓe bayan yaƙi. Ya yi karatun Girkanci a Jami'ar Helsinki, amma bai kammala ba. Diwaninsa na farko ya fito a 1958, lokacin da mawaƙan zamani na ƙasarsu suka yi watsi da amsa-amo da tsayayyen kari. A diwaninsa na 1962 ya shigo da siyasa da zancen jarida cikin waƙa. Daga baya ma ya shiga jam'iyyar kwaminis, ya tsaya zaɓe, bai ci ba.

To, amma fassararsa ce ta fi jan hankalina. A 1961 ya juya littafin Salinger na Amurka, labarin yaron nan da aka kora daga makaranta, ya sa masa bakin samarin titin Helsinki. A 1964, bai kai shekara 28 ba, ya fassara Ulysses na James Joyce. A 1972 kuma ya fassara Odisi ta Homa. Kafin shi Otto Manninen ya fassara ta a 1924 bisa karin Girkanci, ƙafa shida a kowane ɗango. Saarikoski ya ajiye karin nan gaba ɗaya, ya zuba labarin cikin harshe mai sauƙi.

Shin ya ci amanar Homa? Mu da muka saba auna waƙa da ma'aunin aruli, da sauri za mu ce i. A nawa ɗan sanin, rabin amanar ya riƙe. Homa don kunnen jama'a ya yi waƙarsa, saboda haka wanda ya mai da ita bakin da kowa ke ji bai yi laifi ba. Sai dai kari ba ado ba ne kawai, shi ke riƙe mai sauraro, shi ke taimakon hadda. Wannan kam ya salwanta.

Inda na fi ganin rauninsa shi ne dogaro da karin maganar samari, abin da ke tsufa kafin masu yin sa su yi furfura. Ga shi an sake fassara Salinger a 2004, Ulysses kuma a 2012.

Giya ce ta ci ƙarfinsa. Ya koma wani tsibiri a Siwidin a 1975, a can ya rubuta diwanai uku na ƙarshe, waɗanda suka fi na ƙuruciyarsa natsuwa. Ciwon hanta ya kashe shi a 1983, yana da shekara 45.