Yatsu Biyu a Kan Ƙafa

Manomin rani a Bagwai ya san abin da ke faruwa idan laka ta cika hanyar ruwan da ta taso daga madatsar Watari: gonakin kusa su sha, na can ƙarshe su bushe. Haka jijiyoyin da ke kai jini ƙafa suke idan kitse ya taru a cikinsu suka tsuke. Tafin ƙafa da yatsu, da yake su ne a ƙurya, su ke fara jin jiki. An ƙiyasta cewa a shekarar 2010 masu wannan cuta a duniya sun haura miliyan 200.

Sigari da ciwon suga da hawan jini su ne sanannun masu jawo ta. Abin da ba a cika ambata ba shi ne kumburin da ya daɗe a jiki, irin na amosanin gaɓɓai mai kumbura yatsu, ko cutar lupus, ko ƙanjamau. Shekara da shekaru yana lahanta cikin jijiya, har kitse ya samu wurin maƙalewa. Ga kuma ƙwayoyin prednisolone da dexamethasone da ake saye a kemis don ciwon gaɓɓai, masu ɗaga suga da hawan jini.

Mai amosani kuwa, duk ciwon da ya taso masa a ƙafa sanyin ƙashi ake cewa. A nan nake jinjina wa malamar asibitin da ta san aikinta, domin ba ta yarda da wannan amsa da wuri. Takan tambaya: "Baba, ciwon da asuba yake kama ka, ko sai ka taɓa tafiya?" Ciwon gaɓa da safe yake sandarar da mutum, ya sassauta idan jiki ya motsa. Na jijiya a sha-raɓa yake ɗaurewa idan an yi tafiya, a hanyar gona ko kasuwa, kuma da an tsaya 'yan mintoci sai ya saki. In ya yi nisa, cikin dare yake tada mutum, har sai ya sauko da ƙafar daga gado.

Daga nan sai ta sa a cire takalmi. Takan taɓa ƙafafun biyu da bayan hannu ta ji wadda ta fi sanyi, ta duba tsakanin yatsu ko akwai gyambon da ya ƙi warkewa. Sannan, don ta ji bugun jini, ta ɗora yatsu biyu a saman ƙafa, gefen jijiyar babban yatsa, ta koma bayan idon sawu ta ciki. Aiki ne mai son natsuwa. In ta danna da ƙarfi bugun ya ɓace, in ta yi garaje ta ɗauki bugun yatsanta a matsayin na majinyaci. Ta kuma san akwai masu lafiya da aka haifa ba a jin bugun saman ƙafarsu, don haka wuri ɗaya ba ya isar ta yanke hukunci.

Inda akwai ƙaramar na'urar Doppler, majinyaci kan kwanta kamar minti 10, a auna ƙarfin jini a damtse da kuma idon sawu, a raba na ƙafa da na hannu. In ya fito 0.9 ko ƙasa, hanya ta tsuke. In ya haura 1.4, jijiyar ta taurare, abin da ake yawan gani ga masu suga, sai an ƙara bincike.

Irin wannan ƙafa ba ta son ƙaho, ko tsaga, ko gashi da ruwan zafi, domin raunin da jini bai isa gare shi ba da ƙyar yake warkewa. Malamar takan hana sigari, ta sa tafiyar ƙafa kullum: a yi har ciwo ya taso, a huta, a ci gaba. Wanda yatsansa ya fara baƙi, ko ciwo ke hana shi barci, a ranar take rubuta masa takardar zuwa Kano, Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano.