Akun Imam da Na'ura Mai Magana: Nazari a Kan Kalmar "Ji"

1. Gabatarwa

Tun daga ƙarshen 2022, sa'ad da aka fito da ChatGPT, wata tambaya ta faɗo hannun malaman Hausa wadda a da sai masana falsafa ke wahala da ita. Ga na'ura a na yi mata magana da Hausa tana mayarwa da Hausa, tana rubuta insha'i, tana warware karin magana, har wani lokaci ta ce ta ji daɗi ko ta ji tausayi. A Dutsin-Ma, inda Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita ke horad da malaman makaranta, ga kuma Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, maganar ba ta nesa ba ce, gama duk ɗalibin da ke da waya a aljihu yana iya tafe da irin wannan na'ura. Mutane kan ce, "Ai ta ji Hausa." To, wane irin ji ke nan? Wannan takarda za ta auna tambayar da abu biyu da kowane malamin Hausa ya riga ya mallaka, watau akun da ke cikin Magana Jari Ce, da kuma aikatau ɗin nan "ji".

2. Aku a hannun Imam

Alhaji Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911, ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya kuma koyar a Midil ta Katsina kafin a kira shi Zariya a 1936 ya rubuta Magana Jari Ce, wanda ya fito littafi uku tsakanin 1937 da 1939. Mai karatu ya san ƙashin labarin. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida, Waziri na neman yaron ya fito don ya halaka, aku kuwa ya yi ta riƙe shi da labari dare bayan dare har Sarki ya komo. Ladan aku shi ne wazirci. A littafi na biyu ya yi gasar labari da wani aku mai suna Haziƙ, a na uku kuma ya zauna yana koya wa ɗansa Fasih sarrafa harshe.

A 1950 wani masanin lissafi na Ingila, Alan Turing, ya kawo shawara cikin mujallar Mind cewa a daina gardamar ko na'ura na tunani, a yi mata jarrabawa. A ɓoye mutum da na'ura, alƙali ya riƙa aika musu tambayoyi a rubuce. Idan ya kasa rarrabe su, to na'ura ta ci. Bisa wannan ma'auni akun Imam ya ci tun daren farko, gama da Musa ya rufe ido, ba abin da zai gaya masa cewa mai ba shi labari tsuntsu ne.

Abin lura, a 2021 waɗansu masana, ciki har da Emily Bender da Timnit Gebru, suka kwatanta manyan na'urorin harshe da aku, nufinsu mai harhaɗa maganar da ya tsinta ba tare da sanin ma'anarta ba. Imam ya ɗauki wannan tsuntsu da kowa ya sani da maimaici, ya mai da shi mafi hankalin fada. Yadda ya yi har mai karatu ya yarda, nan ne darasin ya ke.

Akwai wata hujja mai rauni da ya kamata a kawar tun da wuri. Wasu kan ce bambancin na'ura da mutum shi ne na'ura aro ta ke yi. Amma ai masana sun daɗe da nuna cewa Imam ma ya yi aro, daga Alfu Laila, da tatsuniyoyin Jamus na 'yan'uwan nan Grimm, da littattafan Indiya da Farisa. Shi kansa tsarin aku mai hana fita da labari tsoho ne, yana cikin Tutinama na Nakhshabi, wanda aka kammala a 1330. Ba wanda ya ce don haka Imam ba shi da zuciya. Ashe ba a aro bambancin ya ke ba.

3. Ji iri uku

Tun a ƙamus na Bargery na 1934 a na ganin yawan ma'anonin "ji", kuma a 1991 Ian Ritchie ya yi rubutu yana nuna cewa Bahaushe ya raba kafofin sani gida biyu kurum, gani da ji, ya tattara sauraro da shaƙa da ɗanɗano da taɓi duk a kalma guda. Wannan gaskiya ne, amma rabon ya bi kafar da abu ke shigowa ne. In an bi ta wata hanya, watau aka tambayi wane ne shaida a kan kowane ji, sai a sami iri uku.

Na farko jin karɓa. Uwargida a Kurfi kan ce miya ta ji gishiri, ko tuwo ya ji mai. Mai jinya kan ce ciwo ba ya jin magani. A nan mai ji ba shi da rai ma. Shaida shi ne wanda ya ɗanɗana miyar, ba wanda kuma zai koma ya tambayi tukunya yadda ta ji.

Na biyu jin fahimta. A kan ce wane ya ji Hausa, ko yaron nan ba ya jin magana. Shaida a nan jama'a ce. In baƙo ya sauka kasuwar Dutsin-Ma ya ce yana jin Hausa, 'yan kasuwa za su gwada shi, su kuma iya ƙaryata shi.

Na uku jin jiki da zuciya: jin yunwa, jin zafi, jin kunya, jin tsoro. Shaida a nan ɗaya ne tak, shi ne mai jin. Likita na iya ce wa majinyaci ba shi da karaya, amma ba ya iya ce masa ba ya jin zafi. A kan wannan ne Hausawa ke cewa jiki ya fi kunne ji.

Misali guda ya isa ya raba ukun. A shekarun da 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan Kurfi da Dutsin-Ma da Safana, musamman daga 2019, magidanci kan farka tsakar dare ya ji ƙarar babura. Wayar da ke gefensa ta ɗauki ƙarar, wannan jin karɓa ne. Na'ura mai wayo tana iya gane cewa babura ne, da yawa, suna matsowa, har ta yi gargaɗi, wannan ya kusa jin fahimta. Amma faɗuwar gaban da ya ji, da bushewar bakinsa yana duban ɗakin 'ya'yansa, wannan shi ne na uku. Jarrabawar Turing tana auna na biyu; ba ta da hannun da za ta kai ga na uku.

4. Dabarar Imam da iyakarta

Da hikima kaɗai Imam ya ba akunsa, da ya zama kamar littafi mai baki. Abin da ya ƙara masa shi ne wuyan da a ke iya murɗewa. A Tutinama, tsuntsuwar da ta fara yin nasiha kai tsaye kashe ta aka yi, shi ya sa aku ya bi ta labari. Haka akun Imam ya ke tsakanin wuta biyu: in ya hana Musa ƙiri-ƙiri ya gamu da fushin ɗan sarki, in ya bar shi ya fita ya ci amanar Sarki. Kowane labari da ya bayar fansar kwana guda ce. Daga baya Imam ya ba shi kishin kada a kā da shi a gasa, ya kuma ba shi ɗa da ya ke so ya gaje shi. Tsoro, da kishi, da son ɗa, duk ji ne iri na uku. Ko sunan littafin ya nuna haka, gama ba a kiran abu jari sai ga wanda zai iya tafka hasara.

Amma fa dole a faɗi iyakar wannan dabara. Mai karatu ya san abin da ke zuciyar aku ne domin marubuci ya buɗe masa ita. Wannan gata ne na mai ba da labari, wanda ke shiga cikin kowa ya fito. Imam bai tabbatad da cewa tsuntsu na ji ba, ƙaddarawa ya yi, mai karatu kuwa ya amince don labari ya tafi. Game da na'ura babu wani marubuci da ke tsaye a sama da zai buɗe cikinta ya ce ga abin da ta ke ji. Kuskuren da a ke yi yau shi ne a karanta na'ura yadda aka saba karanta Waziri Aku, a cika mata zuciyar da Imam ne ya saba cikawa.

5. Ko zuciya lissafi ce?

Ya kamata a san abin da a ke nufi da lissafi a wannan gardama, watau bin ƙa'ida mataki mataki a kan alamomi. Katsina ta san irinsa tun da daɗewa. Muhammad al-Kashinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi a 1732 a kan hanyoyin cika hatimi mai gidaje mara. Almajiri na iya bin ƙa'idar ya cika hatimi mai gida 9, kowane layi ya ba da 15, alhali bai san dalilin da ya sa ya fito haka ba. Abin da kwamfuta ke yi ke nan, sai dai da sauri mai ban tsoro.

Masu cewa tunani lissafi ne, irin su Hilary Putnam a shekarun 1960, hujjarsu ita ce ƙwaƙwalwa kanta tarin ƙwayoyi ce, kusan biliyan 86, kowace tana karɓar saƙo tana miƙawa, ba kuwa ɗaya cikinsu da ta san Hausa. In tsarin aikin ne ke haifad da ji, to ba dole sai da nama da jini ba. John Searle ya ƙi wannan a 1980 da misalin mutumin da aka kulle a ɗaki da littafin ƙa'idoji, a na miƙo masa tambaya da Sinanci yana haɗa amsa daidai, bai ji ko kalma ɗaya ba. Shi dai almajirin hatimi ne aka sāke wa riga. Aka mayar masa da cewa ai ba mutumin ne zai ji ba, ɗakin ne duka da littafinsa. Har yau ba a raba wannan gardama ba.

Thomas Nagel kuwa, a 1974, ya ɗauki jemage, wanda ke gane hanya da amsa-kuwwar kukansa, ya ce ko an san kowace jijiya ta jikinsa, ba a san yadda zama jemage ya ke ga jemage ba. Malaman zaure ba za su ga wannan baƙo ba, gama Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya riga ya rarrabe tsakanin sanin ma'anar lafiya da ƙoshi da kasancewa lafiyayye ƙosasshe, ya kira na biyun zauƙi, watau ɗanɗano.

Saura hujja ɗaya mai ƙarfi, wadda Turing da kansa ya kawo. Ba wanda ya taɓa shiga zuciyar ɗan'uwansa. A na yarda maƙwabci na jin zafi ne don ya faɗa. Me zai hana a yi wa na'ura wannan kara? Amsa ita ce ba maganar maƙwabci kaɗai a ke kamawa ba. Labarin zuciya a tambayi fuska. Jikinsa irin na mai tambaya ne, an ga ramarsa, an ga hannunsa na rawa, an san ya kwana bai ci ba. Na'ura kuwa an gina ta ne daga rubutun miliyoyin mutane masu ji, aikinta ta fito da kalmar da ta fi dacewa da ta gabace ta. Saboda haka za ta ce "na ji tsoro" ko tana ji ko ba ta ji. Maganar da za a faɗa ko ta yaya al'amari ya ke, ba ta zama shaida. Wannan bai tabbatad da cewa na'ura ba za ta taɓa ji ba. Abin da ya tabbatar shi ne ba daga bakinta za a sani ba.

6. Abin da ya shafi malami

Insha'in jarrabawa, irin su "Amfanin Ilimi" ko "Ranar Kasuwa", jin fahimta ya ke aunawa, shi kuwa na'ura ta riga ta iya kwaikwayonsa. Malamin da ya tsaya nan, wata rana zai ba na'ura maki ya rubuta sunan ɗalibi. Hanyar da ta rage ita ce ya nemi abin da ɗalibi ne kaɗai shaidarsa: warin kifi a bakin madatsar Zobe da hantsi, nauyin damin gero a ka daga gona zuwa gida, abin da ya ji ran da ya fara tsayawa gaban aji. Na'ura na iya ƙaga irin wannan, gaskiya ne, don haka sai malami ya zaunad da ɗalibin ya bi shi da tambaya baki da baki, yana duban fuskarsa. Wanda ya ɗauki dami ya san inda wuya ke ciwo.

In kuma an zo karanta Magana Jari Ce a aji, ya kyautu a tambayi ɗalibai a wane wuri ne suka fara yarda aku na da zuciya, me kuma marubuci ya yi a wurin. Ɗalibin da ya gano wannan ya koyi karatun littafi, ya kuma koyi yadda zai saurari duk wani mai daɗin baki, ko tsuntsu, ko mutum, ko na'ura. Allah ya sa a dace.