Lynyrd Skynyrd Ba Tare da Masu Ita ba

Ranar 5 ga Maris, 2023 Gary Rossington ya rasu, kuma shi ne na ƙarshe da ya rage cikin samarin da suka kafa ƙungiyar Lynyrd Skynyrd a Jacksonville ta jihar Florida a 1964. Ba a jima ba aka ci gaba da sayar da tikiti da sunan nan, ana cika filaye kamar babu abin da ya faru. Wannan ɗabi'a ta zama ruwan dare a kiɗan rock na Amurka: masu ƙungiya su ƙare, suna ya ci gaba da yawo gari gari. Ni dai abin yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Duk abin da ya sa duniya ta san Lynyrd Skynyrd an yi shi ne tsakanin 1973 da 1977. Faifansu na farko ya zo da Free Bird, waƙar da ta kai minti tara, ta fara a hankali kamar mai lallashi, sannan jita ta ƙwace ta har ƙarshe. A 1974 Sweet Home Alabama ta biyo. Jita uku suke haɗawa lokaci guda, Ronnie Van Zant kuwa yana tsaye a tsakiya, sau da yawa ba takalmi a ƙafarsa, yana rera baitukan da ya tsara a ka. Ranar 17 ga Oktoba, 1977 suka fitar da Street Survivors. Bayan kwana uku jirgin da suka yi haya ya ƙare da mai, ya faɗi a dajin Mississippi. Ronnie ya mutu, haka makaɗinsu Steve Gaines da 'yar'uwarsa Cassie. Hoton bangon faifan ya nuna su a tsakiyar harshen wuta, sai da kamfanin ya sauya shi.

Da suka dawo a 1987, ƙanin Ronnie, Johnny, ya karɓi makirfo. A farkon dawowar nan akwai kunya, kuma ita nake girmamawa. Idan aka zo Free Bird, Johnny ba ya rerawa. Sai a rataye hular Ronnie a kan sandar makirfo, makaɗa su buga, jama'a su yi waƙar da kansu. Mutanen da suka tsira daga jirgin ne a dandalin, suna juyayin ɗan'uwansu. Wa zai ce musu don me?

Amma shekaru sun yi ta ɗauke su ɗaya bayan ɗaya: Allen Collins a 1990, Leon Wilkeson a 2001, Billy Powell a 2009. A 2018 aka sanar da rangadin ban kwana, ban kwanan kuwa bai ƙare ba har yau. An fitar da sababbin faifai, irin su God & Guns na 2009, amma abin da jama'a ke biyan kuɗi su ji shi ne waƙoƙin shekaru huɗun nan.

Na san hujjar masu goyon baya, kuma ba ta banza ba ce. Johnny ya fi Ronnie daɗewa yana riƙe da makirfon nesa ba kusa ba. Rickey Medlocke ya taɓa buga musu ganga a farkon shekarun 1970 kafin ya dawo a 1996 da jita. Ba na so a binne waƙoƙin tare da masu su. Yaron da aka haifa bayan 2000 shi ma yana da haƙƙin ya ji Free Bird a fili, ƙasa na girgiza. A gidajen makaɗanmu ma ɗa yakan gaji uba, ya yi waƙoƙinsa da 'yan amshinsa, amma da sunansa ake kiransa, kowa ya san magaji ne.

Abin da nake nema ke nan. A rubuta a jikin fosta cewa Johnny Van Zant ne da jama'arsa suke buga waƙoƙin Lynyrd Skynyrd. Tikiti zai ragu, na sani, kuma dalilin da ya sa ba a yi ba ke nan. Suna ya zama haja. 'Yan ƙungiyar Kiss sun nuna inda hanyar ta nufa: a daren ƙarshe na rangadin ban kwanansu a Madison Square Garden, Disamba 2023, suka gabatar da siffofinsu na kwamfuta da za su ci gaba da wasa a madadinsu, sannan a 2024 suka sayar da waƙoƙinsu da sunansu ga kamfanin Pophouse na Suwidin. A can ma ba a buƙatar ƙani ko magaji, injin ne zai hau dandali.