Yadda Ake Tayar da Tsohon Kalangu

Tun da aka gano zinariya a Tchibarakaten a 2014, jama'a ke kwarara can arewacin jihar Agadez, dab da iyakar Aljeriya. Wuri ne na duwatsu da zafi, ruwan sha ma a mota ake kawo shi a sayar. Kalangun da ya bi mai shi zuwa irin wannan ƙasa ba ya daɗewa da lafiya: fata ta bushe ta tsage, tsarkiya ta yi tauri ta tsinke, ice ya dare. Malalaci sai ya jingine shi a lungu, ya koma gindin butar shayi yana cewa ai kalangu ya mutu.

Gwanin gyara kuwa kango yake fara dubawa, wato gangar icen nan mai siririn ƙugu. Fata da igiya ana sakewa, amma kangon da ya shekara ana kaɗa shi ya fi sabo daraja, don icen ya gama bushewa, muryarsa ta zauna. Sai ya kwance tsarkiya, ya cire fatun duka biyu, ya kai kangon kusa da kunne yana ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa. Inda ƙara ta dushe, nan tsaga take, ko da ido bai gan ta ba. Ya kwaɓa ƙaro da garin ice ya cusa a ciki, ya ɗaure tamau har ya kama, sannan ya shafe icen da man kaɗanya. Bakin kango ne ke cin lokaci. Yana kankarewa da wuƙa kaɗan-kaɗan yana bi da tafin hannu, domin ɗan tudun da bai kai ƙwayar gero ba ya isa ya huda sabuwar fata.

Fatar ɗan akuya ake nema, marar kauri, wadda wuƙar fiɗa ba ta yi wa rauni ba. Wajen mahauta ake samunta, kuma dama kalangu kiɗansu ne tun kaka da kakanni. Ba a jeme ta. Jiƙa ta ake yi da toka har gashi ya saki, a kankare, a wanke, a ɗinke ta da basilla a jikin zoben da zai zauna a bakin kango tun tana da danshi. Kafin a rufe baki na biyu akan jefa 'yan tsakuwa a ciki.

Daga nan sai zura tsarkiya, igiyoyin fatar da ke haɗa sama da ƙasa, waɗanda makaɗi ke matsawa a hammata. A ganina nan ake gane gwani. Kowane zare sai ya ja shi daidai da na kusa da shi; in gefe guda ya fi tsauri, fata ta karkace, kalangu ya riƙa magana da hanci. A inuwa ake shanya shi. Mai gaggawa da ya kai shi rana don ya bushe da wuri, ba zai jima ba zai koma wurin mahauci neman wata fatar.

Ado ya danganta da aljihun mai kaya: maratayi na jar fata da aka rina da karan dafi, ko tuntaye irin na dukawan Agadez.

Gwaji na ƙarshe na kunne ne. Gwani ya rataya kalangun, ya matsa murya ta hau, ya sassauta ta sauka, ya kaɗa kirarin wani da ke zaune a wurin ba tare da ya buɗe baki ba. Da irin wannan murya makaɗan Mamman Shata suka yi ta amsa masa shekara da shekaru. In mai kirarin ya ɗago kai ya waiwayo, aiki ya yi. In bai waiwayo ba, gwani zai sake kwance tsarkiya ya fara ja daga farko.